Benjamin Holt, Uban Katafila

Ko yaro a Kiyawa ya san katafila, don ya ga yadda takan tumɓuke itace, ta baje tudu in ana gyaran hanya. Amma kaɗan ne suka san sunan nan daga Turanci ya fito, ma'anarsa kuwa tsutsa mai cin ganye, balle su san mutumin da ya yi sanadinsa.

Sunansa Benjamin Holt. An haife shi ran 1 ga Janairu, 1849, a jihar New Hampshire ta Amurka. Ubansa mai sana'ar katako ne, a wurinsa ya koyi aikin ƙafafun keken doki. Cikin 1883 ya bi 'yan'uwansa zuwa Kalifoniya, inda suka tarar ƙafafun da ake kawowa daga gabas suna tsukewa su kwance saboda bushewar iska, kamar yadda hunturu kan yi wa ƙyaurenmu. Sai suka kafa masana'anta a garin Stockton, suna busar da katako a can tukuna, kana su sassaƙa. Tun daga nan halinsa ya bayyana, watau ya nemi asalin cuta kafin ya nemi magani.

Cikin 1886 suka soma sayar da injin girbi da sussuka, wanda dawaki da alfadarai ke ja. A 1890 ya ƙera motar noma mai aiki da tururi. To, ƙasar da ke kewaye da Stockton fadama ce mai albarka, amma mai taushi ƙwarai, motar kuwa nauyi gare ta, sai ta riƙa nutsewa. Aka yi ta ƙara wa ƙafafunta faɗi, har faɗin wata motar ya wuce ƙafa 40, ta zama ba ta juyuwa sai da wahala. Holt ya ga hanyar nan ba ta ɓullewa. Ran 24 ga Nuwamba, 1904, ya gwada wata mota wadda ya cire wa ƙafafun baya, ya sa mata sarƙoƙi masu takalman katako. Ta bi laka tana jan garma, ba ta nutse ba, gama nauyinta ya bazu a kan sarƙa. Tafiyar sarƙar ta yi kama da ta tsutsa, sunan ya bi ta.

Gaskiya ba shi ya fara tunanin sarƙa ba. Alvin Lombard ya riga shi a 1901, kamfanin Hornsby na Ingila ma ya yi tasa, daga baya Holt ya saye haƙƙin Hornsby. Amma shi ne ya mai da ita abin amfanin manoma. A Yaƙin Duniya na 1914 zuwa 1918 dubban motocinsa suka ja igwa cikin laka, su ne kuma suka taimaka wa Ingilishi wajen tunanin tankar yaƙi.

Motocinsa na farko da ƙafa guda a gaba ake karkata su. Daga baya aka cire ta, aka bar juyawa ga kuloci da birki, haka kuwa tsofaffin katafilolin da suka rage a ƙasarmu suke. Ƙarfin inji yakan bi ta giya ya rabu biyu, kowace sarƙa da kulocinta, watau faya-fayan ƙarfe waɗanda sifirin ya matse wuri ɗaya. In direba ya ja sandar hagu, faya-fayan hagu su saki, sarƙar dama ta ci gaba da turi, mota ta karkata hagu. In ya haɗa da birkin hagu, sai ta juya nan take.

Wanda ya gane wannan ya gane cutarta. In tana karkata gefe guda da kanta sa'ad da take jan kaya, kulocin wannan gefe ne ke zamewa. Sau da yawa mai ne ya yoyo ya jiƙa faya-fayan, ko sun cinye, ko an ɗaure sandar ba a bar mata 'yar rawa ba. Sai a kwance murfin ƙasa a tsiyaye man, a wanke da kananzir, a toshe inda ke yoyo, a daidaita sandar. In kuwa an ja sanda ta ƙi juyawa, galibi ruwan damina ne ya kwanta ciki, tsatsa ta liƙe faya-fayan, sai an ɓamɓare su an goge. In tana juyawa a hankali amma ba ta yin kwana sosai, to, laifin birki ne. Direba kuma ya tuna, a gangare in kaya na tura ta, sandar hagu dama takan kai shi.

Holt ya rasu ran 5 ga Disamba, 1920, yana da shekara 71. Cikin 1925 kamfaninsa ya haɗu da na abokin gasarsa, C. L. Best, suka zama Caterpillar.

To, jama'a, musamman ma'aikatan ofis masu riƙe da littafin kayan hukuma, akwai abin lura. Katafila da dukiyar talakawa ake sayenta. Kafin a rubuta ta mutu, a bar ta gindin kuka awaki na sha mata inuwa, ya kamata a kira bakanike ya duba ko galan guda na kananzir da aikin yini biyu za su tashe ta. Malaman makaranta kuma su ba yara labarin mutumin nan, wanda motarsa ta nutse bai zargi fadama ba, ya tsaya ya duba ƙafar.