Tarihin Evelyn Owen, matashin da bindigarsa mai gidan harsashi a sama ta gagari taɓo

Duk wanda ya saba ganin Kalashnikov a kafaɗar jami'an tsaro ya san inda gidan harsashinta yake: a ƙasa, gaban kunama, a ɗan tanƙware. Sabo ya sa mutane na ɗauka dole haka kowace bindiga take. Amma a Yaƙin Duniya na Biyu, bindigar da sojojin Ostireliya suka fi amincewa da ita gidan harsashinta a sama yake, tsaye cak a kan gadon bayanta. Sunanta Owen, sunan wani matashi da bai yi karatun injiniya ba, wanda ya rasu yana da shekara 33.

An haifi Evelyn Ernest Owen ranar 15 ga Mayun 1915 a Wollongong, wani garin masana'antu da ke bakin teku kudu da birnin Sidni. Mahaifinsa akawu ne a ofishin lauyoyi. Yaron ya yi sakandare a garin, sai dai boko bai kama shi ba, hankalinsa na kan ƙarafa da bindigogi. Ya taɓa buɗe sana'ar sayar da kwaɓaɓɓen siminti tare da ɗan'uwansa, ta durƙushe. Abin da bai taɓa sakewa ba shi ne ƙere-ƙere, kuma zuwa 1938 ya haɗa wata ƙaramar bindiga mai sarrafa kanta, mai cin ƙananan harsasai samfurin .22. Gidan harsashinta kewayayye ne mai juyawa, sifirin irin na garmaho ke juya shi, kuma da babban yatsa ake danna kunamarta.

A watan Yulin 1939 ya kai ta barikin Victoria da ke Sidni. Jami'an makamai suka duba, suka sallame shi. A lokacin rundunar Ostireliya sawun Birtaniya take bi a kan duk abin da ya shafi makamai, ita kuwa Birtaniya ba ta ɗauki irin waɗannan ƙananan bindigogi da muhimmanci ba tukuna. Da yaƙi ya ɓarke, Owen ya shiga soja a watan Mayun 1940 a matsayin kurtu.

Daga buhun sukari zuwa masana'anta

A watan Satumban 1940, ana shirin tura bataliyarsa Gabas ta Tsakiya, maƙwabcinsu Vincent Wardell ya tsinci bindigar cikin buhun sukari kusa da gidansa. Wardell manaja ne a masana'antar ƙarfe ta Lysaght da ke Port Kembla. Da ya ga yadda aka haɗa ta da ƴan ƙarafa kaɗan, sai ya fahimci cewa abu ne da za a iya ƙerawa da yawa cikin sauƙi. Ya bi ta hannun manya har aka mayar da Owen hukumar ƙirƙire-ƙirƙire ta soja a Melbourne, inda Kyaftin Cecil Dyer ya mara masa baya. A watan Yunin 1941 aka sallame shi daga soja, ya koma aiki a Lysaght.

A nan ne bindigar ta sauya kamanni. Owen ya yi aiki tare da Gerard Wardell, ɗan'uwan Vincent kuma injiniyan masana'antar, da wani gwanin maƙeri haifaffen ƙasar Suwizalan mai suna Freddie Künzler. Aka watsar da kewayayyen gidan harsashi, aka sa miƙaƙƙe, daga bisani aka kafa shi a sama. Bindigar da ta je fagen daga aikin mutanen nan ne baki ɗaya, ko da yake sunan Owen kaɗai ta ɗauka.

Manyan hafsoshi ba su so ta ba, suna jiran Sten ta Birtaniya, daga baya kuma suka goyi bayan Austen, wadda aka kwaikwaya daga Sten. An yi ta sauya wa masana'antar girman harsashin da ake so, har aka nemi a ƙera guda 100 masu cin harsashin .38 na ƙaramar bindigar hannu, wanda ke da leɓe a gindi, leɓen da kan sa harsasai su sarƙe da juna cikin miƙaƙƙen gida. Duk da haka maƙeran suka sa ta yi aiki. Ministan soja Percy Spender ya tsaya wa aikin, daga ƙarshe aka tsaya a kan harsashi mai milimita 9.

A ƙarshen Satumban 1941 aka yi gwaji a Long Bay da ke Sidni. An jera ta da Thompson ta Amurka, da Sten, da Bergmann ta Jamus, aka tsoma su a taɓo, aka watsa musu yashi. Sauran suka cije, Owen ta ci gaba da harbi.

Me ya sa a sama?

Wurin da ake kafa gidan harsashi tsohuwar muhawara ce tsakanin maƙera, kuma kowane zaɓi da ribarsa da asararsa. Idan yana ƙasa, kamar na Thompson da MP 40 ta Jamus, saman bindiga na zama fili, mai harbi ya yi saiti ba abin da ya tare masa ido, nauyi kuma na zaune a tsakiya. Matsalarsa ita ce sifirin ne kaɗai ke ɗaga harsasai sama, duk ƙasar da ta shiga bindiga kuma cikin gidan take zuba. Ga shi idan soja ya kwanta rub da ciki, dogon gida na tokare ƙasa, ya tilasta masa ɗaga kai. Idan yana gefe, kamar na MP 18 ta 1918 da Sten, soja na iya lafewa sosai, amma nauyi na rinjayar bindiga gefe guda, kuma sojoji kan riƙe gidan kamar mariƙi, abin da ke gurɓata shigar harsashi.

A bindigar Owen, nauyin harsasai na taya sifirin turo su ƙasa, kwanson da aka harba kuma ta wata kafa da ke ƙarƙashi yake faɗuwa. Taɓo ko yashin da ya shiga ta wannan kafa yake zubewa. Soja na iya kwanciya ƙasa-ƙasa, kuma gidan ba ya yawan maƙalewa a ciyawa. Maƙeran sun ƙara dabaru biyu. Sun sa ɗan ƙarfen da ke fitar da kwanso a jikin gidan harsashin kansa, wanda ya sa ake cire bututun bindigar nan take a wanke. Sun kuma sa shamaki tsakanin ƙarfen da ke kai da komo yana tura harsashi da mariƙin da ake ja a ɗana, don kada datti ya bi ta tsagar mariƙin ya isa gare shi.

Abin da aka rasa shi ne saiti a tsakiya. Tunda gidan ya tare ido, dole aka karkatar da ma'aunin saiti gefe guda, kamar yadda aka yi wa babbar bindigar Bren. A kurmin tsibirin Niyu Gini, inda ake arangama da sojojin Japan a tazarar ƴan taku cikin ruwan sama da laka, wannan bai dami kowa ba. Bindigar na da nauyin fiye da kilo 4, tana iya sakin harsashi kusan 700 a minti, an kuma shafa mata fenti kore da rawaya don ta saje da daji. Daga 1942 zuwa 1944 an ƙera kusan 45,000.

Ƙarshen rayuwarsa

Owen ya samu kusan fam 10,000 daga kason ƙirƙira da sayar da haƙƙin mallakarta. Ya kafa ƙaramin wurin tsaga katako a Tongarra, kusa da garinsu, yana ci gaba da gwaje-gwajen bindigogin farauta. Bai yi aure ba, giya kuma ta ci ƙarfinsa. Ya rasu a asibitin Wollongong ranar 1 ga Afrilun 1949, bayan gyambon ciki ya yi ta zubar masa da jini.

Bindigar ta daɗe bayansa. An yi yaƙin Koriya da ita, da na Malaya, da na Biyetnam, kafin a ajiye ta a farkon shekarun 1970. Wadda ta gaje ta, F1, ita ma a sama gidan harsashinta yake.

Yau da wuya a ga sabuwar bindigar soja mai gida tsaye a sama. Ana son bindiga guda ta yi harbin kusa da na nesa, ana kuma ɗora mata madubin saiti, saboda haka saman ya zama wuri mai tsada. Muhawarar ta koma tsakanin gaban kunama, irin na Kalashnikov, da bayan kunama, irin na FAMAS ta Faransa, tsarin da ke gajarta bindiga ba tare da an rage bututunta ba. Ita kanta rundunar Ostireliya, tun ƙarshen shekarun 1980, Steyr take riƙewa, mai gidan harsashi a bayan kunama.