Shaihu Muhammadu Bakatsine: Ya Yi Karatu A Gida, Ya Rasu A Masar

Da sunan Allah Mai Rahama Mai Jin Ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a kowace shekara in an gama girbi, auduga da masara sun shiga kasuwannin Funtuwa da Malumfashi da Bakori, akan sami magidanta da yawa cikin shawara guda. Yaro ya gama sakandare ko ya sauke Alƙur'ani, ransa yana Azhar ko Madina, ga shi kuwa kuɗin jirgi da na masauki ba sa haɗuwa sai an taɓa gona ko an sai da shanun huɗa. Ga kuma Zariya nan kusa, ga Katsina, ga Dutsin-Ma. A tarihin malaman ƙasar Katsina akwai mutum guda wanda rayuwarsa ta taɓa wannan magana ta kowane gefe, shi ne Shaihu Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace Bakatsine, wanda Larabawa suka sani da Alkashnawi.

Ana danganta shi da Ɗan Ranko, wani tsohon gari na ƙasar Katsina. Ya tashi a zamanin da ƙasar take cike da malamai. Birnin Katsina yana da masallacin Gobarau, kuma almajiran Wali Ɗan Marina da na Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, suna nan suna karantarwa. Ta kudu maso yamma kuwa ga 'Yandoto, kusa da Tsafe a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, wadda a lokacin tana cikin ƙasar Katsina, masu neman ilmi suna zuwa mata daga nesa.

Mafi yawan labarinsa ya zo ne ta hannun Abdurrahman Aljabarti, shahararren marubucin tarihin Masar, wanda ya rasu a 1825. Shi ne ya lissafa malamansa na ƙasashen Sudan, watau Shaihu Muhammadu Alwali na Bagarmi, da Shaihu Muhammadu Bindu, da Shaihu Hashimu, da Shaihu Muhammadu Fodi. Wajen Shaihu Fodi ne karatu ya fara buɗe masa. Ya lizimce shi kimanin shekara huɗu, a zaune da kuma a tafiye, yana ɗaukar nahawu da sarfu da littattafan adabi. Ya haddace Maƙamatu har ya zama in an ambaci kalma ɗaya daga ciki sai ya kawo wadda ta gabace ta nan take. Da ya nuna a nahawu sai malamin ya riƙa kiransa Sibawaihi, watau sunan limamin masana nahawun Larabci.

A gaban Shaihu Bindu kuwa ya karanta usulu da balaga da manɗiƙi, da Alfiyyar Iraƙi ta ilmin hadisi, da littattafan tauhidi na Sanusi guda shida. Ya ji Buhari, ya karanta kashi uku cikin huɗu na Muhtasar. Har wa yau a wurinsa ya koyi hisabi, da ilmin sanin lokutan salla, da ilmin haruffa da hatimi. Mai karatu ya lura, duk wannan ya samu ne a zauruka, a kan buzu, tun bai ga kogin Nilu ba.

Sai da ya ƙoshi sa'an nan ya nemi iznin malaminsa ya tafi hajji. Ya ratsa masarautu da dama, yana ganawa da sarakunansu da malamansu, domin tafiyar hajji a wancan zamani aikin watanni ce, wani lokaci ma shekaru. Ya yi hajji a shekara ta 1142 bayan Hijira, wajejen 1730. Ya zauna a Makka, a can ya fara wallafa littafinsa Addurrul Manzum, ya kuma kammala shi a Alƙahira cikin watan Rajab na 1146. Ya wallafa Bahjatul Afaƙ a kan haruffa da hatimi, da wata waƙa ta manɗiƙi mai suna Minahul Ƙuddus wadda ya yi mata sharhi mai girma, da Bulugul Arab a nahawu.

Hatimi, in aka ɗauke shi ta fuskar lissafi, shi ne a jera lambobi cikin gidaje ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Mai gida tara, daga 1 zuwa 9, kowane layi 15 yake bayarwa. Mai gida 25 kuwa 65. Shaihu ya bayyana hanyoyin cika irin wanda gidajen gefensa mara ne, kamar uku ko biyar ko bakwai, kuma saboda wannan ne masu binciken tarihin lissafi suke ambatonsa har yau. Amma abin da ya shafi ɗalasimai da taurari, malamai da yawa sun yi gargaɗi a kansa, haramcin sihiri kuwa a fili yake cikin shari'a. Ba wannan ɓangaren ne abin koyi ga almajiri ba.

A Alƙahira, birnin Azhar, ya sauka a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, mahaifin marubucin tarihin, wanda shi kansa babban malami ne a fiƙihu da lissafi da ilmin falaki. Wannan malami na Masar ya ɗauki ilmin hatimi a wurin baƙonsa Bakatsine. A gidan nan ajali ya same shi a shekara ta 1154, watau 1741, bayan ya naɗa maigidan wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Shaihu Hasan ya binne shi a maƙabartar Mujawirai, ya sa aka rubuta sunansa a kan kabarin. Allah Ya jiƙansa.

Abu na farko da ke cikin wannan tarihi shi ne, Masar ba ita ta mai da shi malami ba. Da kayansa ya isa, shi ya sa aka yi masa shimfiɗa. Wanda bai iya nahawu a gida ba, canjin gari kaɗai ba zai koya masa ba. Na biyu, tafiya tana da ribarta, don da bai fita ba da wuya a sami wanda zai rubuta sunayen malamansa da littattafansa dalla-dalla haka. Na uku, tana da hasararta. Bai komo ba, littattafansa suka zauna a Masar, almajiran Katsina ba su sami durƙusawa gabansa ba. Ɗan Marina da Ɗan Masani kuwa a Katsina suke kwance, kowane yaro ya san sunansu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma bai taɓa zuwa Makka ko Masar ba, amma ba wanda ya kai shi tasiri a ƙasar nan.

Saboda haka uban da ke da hali ya tura ɗansa, fita neman ilmi al'adar magabata ce. Wanda kuwa sai ya rabu da gonar da ke ciyar da gidansa, ya tuna ciyar da iyali wajibi ne a kansa, digirin wata ƙasa kuwa ba wajibi ba ne. Ya tuna kuma da ɗaliban da aka kwaso daga Sudan a 2023 sa'ad da yaƙi ya ɓarke a Khartum, karatunsu ya yanke a tsakiya. Jami'ar Ahmadu Bello tana Zariya tun 1962, zaurukan birnin Zazzau da na Katsina kuma ba su rufe ba. Yaro ya fara da na kusa, ya ƙware, in Allah Ya buɗe hanya ya ƙara gaba da iznin iyayensa da malamansa, da niyyar komowa ya karantar.

Allah Ya ba 'ya'yan Musulmi ilmi mai amfani, Ya sa wa iyaye albarka a nemansu, amin.