Umaru Musa 'Yar'adua: malamin kimiyyar da ya sa hannu a dokar muhalli

Duk ranar 5 ga Mayu sai hotonsa ya cika Facebook da WhatsApp, ana ta zuba masa addu'a. Yawancinmu masu turawa a hoto kawai muka san shi. Ni kaina ina ƙaramin aji a firamare ya rasu, a 2010. Abin da muka ji daga iyaye shi ne ya mayar da litar fetur naira 65. Amma akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ya shafi mu 'yan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, wanda ba a cika ambata ba.

An haifi Umaru a Katsina ranar 16 ga Agusta, 1951. Mahaifinsa, Musa 'Yar'adua, Matawallen Katsina ne kuma minista a Jamhuriya ta Farko. Ya yi firamare a Rafukka da Dutsin-Ma, ya wuce Keffi da Barewa, sannan ABU Zariya, inda ya karanci kimiyyar sinadarai har digiri na biyu. Daga nan ya kama alli, ya koyar a Zariya da Katsina. Abin mamaki, ɗan gidan sarauta ne, yayansa Shehu shi ne na biyu a gwamnatin sojan Obasanjo, amma shi ra'ayin Malam Aminu Kano ya ɗauka, ya bi PRP.

A 1983 ya ajiye koyarwa ya zama manajan gonar Sambo a Funtuwa, nan maƙwabtanmu, har zuwa 1989. Wanda ya yi shekara shida yana noma a ƙasar nan ya san yadda gona take gajiya, ya san abin da zaizayar ƙasa take yi wa amfani. Ya nemi gwamna a 1991, Sa'idu Barda ya kayar da shi. A 1999 ya ci, ya yi shekara takwas, a 2007 ya zama shugaban ƙasa. Ya bayyana kadarorinsa ga jama'a, ya kuma amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da lam'a. To wa ka ji ya sake yin haka?

Ga inda nake son mu tsaya. A 1988 an kwaso guba daga Italiya aka jibge a garin Koko, da ke jihar Delta a yau. Wannan abin kunya ne ya sa aka kafa hukumar FEPA a shekarar, sannan a 1992 aka yi dokar tantance illar ayyuka ga muhalli. Ma'anarta mai sauƙi ce: kafin a gina dam, ko a buɗe wurin haƙar ma'adinai, ko a fasa babban titi, sai an binciki abin da aikin zai yi wa ruwa da gonaki da lafiyar mutane, a baje rahoton a fili na kwanakin aiki 21, jama'a su karanta su faɗi ra'ayinsu. Doka kam akwai, mai tilasta bin ta ne ya yi rauni. A Yulin 2007, wata biyu da hawansa, Umaru ya sa hannu a dokar kafa NESREA, hukumar da aka ba ikon bibiyar masu karya ƙa'idojin muhalli da gurfanar da su.

Ba zan ce aikin ya cika ba. Dokar ta tsame harkar man fetur da iskar gas daga hannun hukumar, alhali can ne ɓarnar ta fi muni. A Neja Delta sai ya bi ta wata hanya: ya kafa ma'aikatar yankin a 2008, ya yi wa tsageru afuwa a 2009, ya zauna da mutanen da ake kira 'yan ta'adda ya saurare su. Mu kuwa nan, ana haƙar farar ƙasa a Ƙanƙara, ana sare daji ana gawayi, kuma wallahi a cikin abokan karatuna ban samu ko mutum ɗaya da ya taɓa ganin irin wannan rahoto da idonsa ba. Rahoton ma da Turanci yake, kakata kuwa ba ta jin ko ɗigo.

Ƙarshensa bai yi daɗi ba. A Nuwamban 2009 aka tafi da shi Saudiyya jinya ba tare da ya miƙa mulki ba, ƙasa ta yi wata da watanni cikin duhu, aka ɓoye halin mutumin da ya fara mulki da buɗe komai nasa. Ya rasu ranar 5 ga Mayu, 2010, washegari aka rufe shi a maƙabartar Ɗan Marna a Katsina. A daidai waɗannan watanni ne likitoci suka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Yara ɗaruruwa ne suka mutu, kuma babu wanda ya tara iyayensu ya yi musu bayanin abin da ke cikin ƙurar kafin a fara.