Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina (1912-1994): Daga Aji Zuwa Ma'aikatar Ilimi

An haifi Isa Kaita a Katsina a shekarar 1912, a gidan Waziri Haruna, ɗaya daga cikin manyan 'yan majalisar Sarkin Katsina. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, makarantar horar da malamai wadda ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello. Da ya kammala sai ya kama koyarwa a Midil ta Katsina, inda ya ga ƙarancin ƙwararrun malamai da idonsa.

A shekarar 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya koma gidan rediyon Accra, inda ya riƙa isar da labaran yaƙi ga masu jin Hausa. A 1944 ya dawo aikin En'e ta Katsina, sannan a 1948 ya tafi Exeter ta ƙasar Ingila ya karanci sha'anin mulki. An zaɓe shi Majalisar Dokokin Arewa a 1951, kuma yana cikin jigogin jam'iyyar NPC. Ya gaji Sardauna a kujerar Ministan Ayyuka a 1954, kafin a danƙa masa Ma'aikatar Ilimi a 1957.

Ya karɓi ma'aikatar a lokacin da tazarar ilimin boko tsakanin Arewa da Kudu ta zama abin fargaba. Jihar Yamma ta fara ilimin firamare kyauta tun 1955, ta Gabas ta bi sahu a 1957, ga kuma mulkin kai ya gabato alhali Arewa ba ta da isassun 'ya'yanta da za su riƙe ofisoshi. Gwamnatin Arewa ba ta bi wannan hanya ba. Ta fifita horar da malamai da faɗaɗa makarantu sannu a hankali, bisa tunanin cewa aji ba ya amsa sunansa sai da malami a cikinsa.

A zamaninsa aka kafa Dokar Ilimi ta 1962, wadda ta ɗora nauyin firamare a kan hukumomin ilimi na ƙananan yankuna. A shekarar kuma aka buɗe Babbar Kwalejin Horar da Malamai ta Zariya da Jami'ar Ahmadu Bello, bayan shawarar Kwamitin Ashby. Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, wadda daga baya ta zama Jami'ar Bayero, ita ma tsiron wannan zamani ce. Waɗannan jami'o'i biyu su ne suka zama ginshiƙan nazarin Hausa a Nijeriya.

Sai dai wannan tsari na taka-tsantsan yana da nasa tsada. Amfaninsa ya fi isa ga birane, yayin da 'ya'yan manoma da yawa a ƙauyukan ƙasar Musawa da Malumfashi da Funtuwa ba su ga aji kusa da gida ba sai da shirin firamare na bai-ɗaya ya zo a 1976. Shi kuwa wannan shiri ya ci karo da matsalar da Waziri ya guda tun farko, wato ɗalibai birjik, malamai ƙalilan.

Juyin mulkin Janairun 1966 ya kawo ƙarshen ministansa. Ya zauna a Kaduna, ya shugabanci Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata a zamanin Shugaba Shehu Shagari, ya kuma kasance cikin dattawan da suka nemi a ƙirƙiro Jihar Katsina, abin da ya tabbata a 1987. Ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba na 1994. Kwalejin Ilimi da ke Dutsin-Ma tana ɗauke da sunansa, kuma aikinta shi ne wanda ya fi damunsa: samar da malamin da zai tsaya a gaban allo a makarantar ƙauye.