Umaru Ɗan Abdul'azizu, Halifan Da Ya Gaji Gida Biyu

An haifi Umaru ɗan Abdul'azizu, Allah ya yi masa rahama, wajen shekara ta 61 bayan Hijira. Ta wajen uba shi jikan Halifa Marwanu ne, ɗan gidan Banu Umayya, kuma mahaifinsa ya daɗe yana gwamnan Masar. Ta wajen uwa kuwa jininsa yana komawa ga Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi, domin mahaifiyarsa, Ummu Asim, 'yar Asimu ce ɗan Umaru. Ko da ma can gidajen biyu tushensu ɗaya ne, sun haɗu a kan Ka'abu ɗan Lu'ayyu na Ƙuraishawa.

Malaman tarihi sun ruwaito yadda wannan zumunta ta ƙullu. Wata rana da dare Sayyidina Umaru yana zaga Madina, sai ya ji wata mata tana umurtar 'yarta ta zuba ruwa a madarar da za su sayar, tun da Halifa ba ya ganinsu. Yarinya ta ƙi, ta tuna mata cewa Allah yana gani. Da gari ya waye Umaru ya sa aka bincika, ya aurar da ita ga ɗansa Asimu. Bai tambayi dukiyar gidansu ba. Wannan yarinya ita ce kakar Umaru ɗan Abdul'azizu.

Masana halitta na wannan zamani sun ce abin da mutum kan gada a jiki daga mahaifin kakansa bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin takwas ba. Ke nan jini kaɗai bai isa ya bayyana halin Umaru ba, sai an haɗa da renon da ya samu a Madina, kusa da Abdullahi ɗan Umaru, baffan mahaifiyarsa, da karatunsa wurin Salihu ɗan Kaisana. Da ƙuruciya ma an san shi da son turare da tufafi masu tsada, kamar sauran 'ya'yan sarauta.

Ya riƙi gwamnan Madina a zamanin Walidu. A shekara ta 99 Halifa Sulaimanu ya yi masa wasiyya da mulki, bisa shawarar Raja'u ɗan Haiwa. A nan ne gadon gida biyu ya yi karo. Danginsa na wajen uba sun tara gonaki da dukiya waɗanda ba halalinsu ba, suna zaton ɗan'uwa zai rufa musu asiri. Sai ya fara da kansa, ya mayar da abin da ke hannunsa Baitulmali. Matarsa Faɗimatu, 'yar Halifa Abdulmaliki, wadda 'yan'uwanta huɗu suka yi halifanci, ita ma ta miƙa kayan adonta. Dangi suka fusata, har suka turo gwaggonsa ta yi masa magana, bai sauya ba.

Ya hana zagin Sayyidina Aliyu a kan mumbari, alhali gidansu ne ya kafa wannan al'ada. Ya ɗauke jiziya daga waɗanda suka musulunta, ya kuma rubuta wa Abubakar ɗan Hazmi ya tattara hadisai.

Mulkinsa shekara biyu ne da wata biyar. Ya rasu a watan Rajab na shekara ta 101 a Dairu Sam'ana ta ƙasar Sham, yana da kimanin shekara 40, bai bar wa 'ya'yansa abin kirki na dukiya ba. An ruwaito cewa da Abbasiyawa suka karɓi mulki a shekara ta 132 suka tone kaburburan sarakunan Banu Umayya, nasa ba su taɓa shi ba.