Asa Gray, Masanin Tsire-tsire Mai Tsoron Allah

An haifi Asa Gray a shekara ta 1810 a wani ƙauye na jihar Niyok, cikin ƙasar Amurka. Ubansa manomi ne, majemi kuma. Yaron ya koyi aikin likita, ya gama a 1831, amma zuciyarsa tana wajen ciyayi da itatuwa. Tun yana saurayi ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, ya shiga ikilisiya. A 1842 aka kira shi ya koyar a jami'ar Harbad. Ya tara busassun tsire-tsire wajen 200,000, daga baya ya ba jami'ar kyauta.

A 1855 wani masani na Ingila, Charles Darwin, ya soma rubuto masa wasiƙu yana tambaya a kan tsire-tsiren Amurka. A 1857 ya buɗe masa abin da ke ransa, wato irin halittu suna sākewa sannu sannu. Kowane manomi ya san misalin wannan. In kana ware zangarniyar gero mafi kyau kowace kaka domin iri, a kwana a tashi geronka zai sāke. Darwin ya ga fari da yunwa da cuta suna yin irin wannan zaɓe a jeji, shekaru masu ɗimbin yawa.

Da littafin Darwin ya fito a 1859, gardama ta tashi. Waɗansu suka ce an gama da zancen Mahalicci. Kirista da yawa suka tsorata. Gray bai yi gaggawa ba, ya auna maganar da abin da idonsa ya gani. Ya riga ya lura tsire-tsiren Japan sun yi kama da na gabashin Amurka ƙwarai, alamar asalinsu ɗaya ne. Saboda haka ya taimaka aka buga littafin a Amurka a 1860. Duk da haka bai saki bangaskiyarsa ba.

Ga yadda ya duba al'amarin. Kowane mai bi yana shaida Allah ne ya yi shi, ya kuwa san uwa da uba suka haife shi. Sanin hanyar haihuwa bai kawar da Mai Halitta ba. Haka nan sanin hanyar da iri ke sākewa. Ya kwatanta Allah da mai lambu: ruwa yana gangarawa bisa ga halinsa, amma akwai mai bi da shi zuwa fangali. A ganinsa kuma, ba a ba mu Littafin Farawa domin ya zama littafin kimiyya ba.

Darwin bai yarda ba. Wahalar da ya gani cikin halitta ta hana shi ganin hannun Allah a fili. Gray bai zage shi ba, bai kuma rabu da shi ba. Suka yi ta musayar wasiƙu cikin girmama juna, har Darwin ya rasu a 1882. Gray ya rasu ran 30 ga Janairu, 1888, yana riƙe da bangaskiyarsa.

Bayan zamaninsu masana sun gano yadda 'ya'ya ke gādon kamannin iyaye, suka ƙara samun shaidar dangantakar halittu. Amma ma'auninsu ba ya iya auna ko akwai Mahalicci. Masu bi kuwa har yanzu ba bakinsu ɗaya ba a kan fassarar kwanaki shida na halitta.

Ya ɗan'uwa, wata rana ɗanka zai komo daga lakwal da wannan tambaya. Kada ka tsawata masa, kada kuma ka ce ya zaɓa tsakanin karatu da Ubangiji. Yaron da aka rufe wa baki a gida zai kai tambayarsa wani wuri. Ka zaunar da shi, ka ba shi labarin Asa Gray. Ku karanta Farawa sura 1 da Zabura 104 tare, sa'an nan ku yi addu'a Allah ya ba ku hikima.