TARIHI: Florence Nightingale, matar da ta damu da majinyaci bayan an ajiye wuƙar tiyata

A duk asibitin da ake yin tiyata yadda ya kamata, akwai wani ɗaki daf da ɗakin tiyata inda ake kwantar da majinyaci har maganin barci ya sake shi. Sa'o'in nan na farko cike suke da haɗari: harshe kan koma baya ya toshe maƙogwaro, amai kan sarƙe mutum ya gangara huhu, jini kan ci gaba da zuba a cikin ciki ba tare da kowa ya gani ba. Likita ya gama nasa ya wanke hannu. Ran majinyaci ya koma hannun ma'aikacin jinyar da ke tsaye a kansa, yana ƙirga numfashi da bugun zuciya.

Ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka ambaci wannan ɗaki ya fito ne a 1863 daga alƙalamin Florence Nightingale. Abin mamaki, matar da ta mayar da jinya sana'ar da ake koya a makaranta ita ce kuma ta shafe shekarun tsufanta tana yaƙar tsarin yi wa ma'aikatan jinya jarrabawa da rajista.

Ɗiyar masu hali

An haife ta ranar 12 ga Mayu, 1820, a birnin Florence na Italiya, inda iyayenta 'yan Ingila ke yawon buɗe ido, aka raɗa mata sunan garin. Mahaifinta, William Edward Nightingale, attajiri ne mai gidaje biyu a karkarar Ingila. Shi da kansa ya koyar da ita da yayarta Parthenope harsunan Girka da Latin da tarihi da falsafa, ita kuma ta nace sai an bar ta ta karanta lissafi.

A 1837 ta yi imanin cewa Ubangiji ya kira ta zuwa ga wata hidima. Da ta bayyana cewa jinya take so, gidan ya yamutse, domin a Ingilar wancan zamani aikin asibiti na matan da ba su da gata ne, kuma ana yi musu kallon mashaya. Ta ƙi auren Richard Monckton Milnes, ɗan majalisa kuma marubuci, bayan ya daɗe yana nema. A 1851 ta yi 'yan watanni tana koyon aiki a wata cibiyar Kirista da ke Kaiserswerth a Jamus. A 1853 mahaifinta ya yanka mata fam 500 duk shekara, ta karɓi shugabancin wani ƙaramin asibitin mata a titin Harley na Landan.

Sabon magani, sabon haɗari

Shekarun da take fafutikar barin gida su ne shekarun da tiyata ta sauya kama. Ranar 16 ga Oktoba, 1846, William Morton ya nuna a wani asibitin Boston a Amurka cewa za a iya shaƙa wa mutum sinadarin eta a yanka shi bai ji ba. Bayan shekara guda James Young Simpson ya fara amfani da kulorofom a Edinburgh. A Janairun 1848 wata yarinya mai shekara 15, Hannah Greener, ta mutu kusa da Newcastle bayan an shaƙa mata kulorofom don a cire mata farcen ƙafa. Duk da haka maganin ya karɓu, musamman bayan da John Snow ya bai wa Sarauniya Victoria shi wajen haihuwa a 1853.

Kafin wannan lokaci, gwanintar likitan tiyata saurinsa ce, majinyaci na ihu ana danne shi. Da maganin barci ya zo, sai asibiti ya samu wani sabon nau'in majinyaci: wanda aka gama yi wa aiki, amma bai san inda kansa yake ba, ba ya iya juya kwanciya, ba ya iya kiran kowa. Wanda zai zauna da shi kuwa ba a tanade shi ba.

Barikin Scutari

A Maris ɗin 1854 Birtaniya da Faransa suka shiga yaƙin Kirimiya a gefen Daular Usmaniyya don tunkarar Rasha. 'Yan jarida ne suka tona asirin halin da sojojin ke ciki. Rahotannin William Howard Russell da Thomas Chenery a jaridar The Times sun nuna waɗanda suka ji rauni yashe babu magani, babu ko ƙyallen ɗaure ciwo. Jama'a suka fusata. Sidney Herbert, ministan da ke kula da gudanarwar soja kuma tsohon aminin Nightingale, ya roƙe ta ta je. Ranar 21 ga Oktoba ta tashi da mata 38, suka isa Scutari, unguwar da yau ake kira Üsküdar a Santambul, a farkon Nuwamba, daidai lokacin da ake gwabza yaƙin Inkerman.

Asibitin tsohon bariki ne da ke zaune a kan magudanan ƙazanta da suka toshe. Likitocin soja ba su yi maraba da ita ba. Shugabansu, John Hall, ya riga ya gargaɗi likitocinsa game da kulorofom ga sojan da harsashi ya jigata, bisa ra'ayinsa cewa zafin wuƙa na taimaka wa mutum ya riƙe ransa. Sau da yawa a cikin ɗakin kwanciya ake yanke hannu ko ƙafa, saura na kallo. Nightingale ta samo labulen kariya domin wanda ke jiran nasa yankan kada ya ga na ɗan'uwansa. Ta buɗe wurin wanki, ta gyara girki, ta sayi riguna da kwanuka da kuɗin gudummawa, da dare kuma ta zaga da fitila, wanda daga nan laƙabinta ya samo asali.

Sai dai mutuwa ba ta ragu da zuwanta ba. A hunturun farko sojoji sama da 4,000 suka mutu a Scutari, akasarinsu daga taifot da kwalara da atuni da zazzaɓin ƙwarƙwata. A Fabrairun 1855 kusan kashi 42 cikin 100 na waɗanda ake jinya mutuwa suke yi. Sai da gwamnati ta turo hukumar tsafta ƙarƙashin John Sutherland da Robert Rawlinson a Maris, aka yashe magudanai, aka buɗe kafofin iska, aka gyara ruwan sha, sannan adadin ya faɗo zuwa kusan kashi 2 a tsakiyar shekarar. Ita kanta ta kamu da zazzaɓi mai tsanani a Mayun 1855, ciwon da bai rabu da ita ba har ƙarshen rayuwa.

Yaƙin alƙaluma

Ta koma gida a Agustan 1856, ta ƙi duk wani bikin tarba. Ta gana da Sarauniya a Balmoral, ta matsa har aka kafa hukumar binciken lafiyar soja a 1857. Tare da masanin ƙididdiga William Farr ta bi takardun mace-mace dalla-dalla. Cikin sojojin Birtaniya kimanin 21,000 da suka mutu a yaƙin, wajen 16,000 cuta ce ta kashe su. Ta kuma nuna cewa ko a lokacin zaman lafiya, matashin soja a barikin Ingila ya fi sa'ansa farar hula yiwuwar mutuwa kusan ninki biyu.

Da ta lura 'yan majalisa ba sa karanta jadawali, sai ta zana alƙaluman a cikin da'ira, kowane wata da yankinsa, launin cuta ya rinjayi launin rauni ta yadda ko malalaci zai gane. Ta buga rahoto mai shafi sama da 800 da kuɗinta, ta raba wa masu faɗa a ji da marubutan jaridu. A 1858 ta zama mace ta farko a ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan.

Makaranta da ɗakin farfaɗowa

Da gudummawar fam sama da 44,000 da jama'a suka tara da sunanta, ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas a Yulin 1860 da ɗalibai 15. Ginshiƙin koyarwar shi ne lura: launin fata, yanayin numfashi, bugun jini, abin da majinyaci ya ci da abin da ya fitar, a rubuta a kai wa likita daidai ba ƙari ba ragi.

A bugu na uku na littafinta Notes on Hospitals, a 1863, ta bayyana yadda wasu ƙananan asibitocin karkara ke keɓe ɗan ɗaki a jikin ɗakin tiyata, inda majinyaci ke zama har ya wartsake daga tasirin aikin. Ba ita ta ƙirƙiro ɗakin ba, amma ta gan shi, ta fahimci amfaninsa, ta sa shi a littafin da masu gina asibiti ke karantawa. Ta kuma tsara fom guda da ta nemi asibitoci su riƙa cikewa kan kowace tiyata: wane aiki aka yi, wace matsala ta biyo baya, me ya kashe wanda ya mutu. Asibitoci kaɗan suka bi, domin ba kowa ke son a ƙirga gawarwakinsa ba. Ita kuwa ta ƙirga nata: da zazzaɓin bayan haihuwa ya yi ta kashe mata a sashen koyar da unguwarzoma da asusunta ke ɗaukar nauyi a asibitin King's College, an rufe shi a 1867.

Rigimar rajista

A 1887 Ethel Bedford Fenwick, tsohuwar shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin St Bartholomew, ta kafa ƙungiyar da ke neman doka: a yi horo na tsayayyen lokaci, a zana jarrabawa ɗaya, a rubuta sunan wadda ta ci a kundin ƙasa. Hujjarta ita ce kowace mace na iya kiran kanta nas, majinyaci kuma ba shi da hanyar tantancewa.

Nightingale ta tashi haiƙan. A ganinta jarrabawa na auna hadda ne, ba ta auna gaskiya da natsuwa da kaifin ido a bakin gado, waɗanda shugabar ɗakin da ta yi aiki da ɗaliba ce kaɗai ke iya shaidawa. Ta kuma yi gargaɗin cewa takardar da aka bayar yau ba ta faɗin komai game da mai ita bayan shekaru. Akwai siyasa a ciki: rajistar ƙasa za ta rage ikon makarantu irin tata, kuma tana tsoron likitoci su mamaye kundin. Ta yi amfani da sunanta da mutanenta, ƙungiyar Fenwick ta samu amincewar fada a 1893 amma ba ta samu rajistar doka ba.

Wasu wurare ba su jira Landan ba. Yankin Cape a Afirka ta Kudu ya fara rajistar ma'aikatan jinya a 1891 bisa ƙoƙarin Henrietta Stockdale, New Zealand ta yi doka a 1901. Birtaniya sai Disambar 1919, shekara tara bayan mutuwar Nightingale, kuma sunan Fenwick ne lamba ɗaya a kundin.

Inda ake tuhumarta

Nightingale 'yar daular mulkin mallaka ce, ba ta kuma ja da ita ba. Aikinta kan Indiya ya fara ne daga lafiyar sojan Birtaniya, daga baya ya faɗaɗa zuwa ruwan sha da yunwa da halin manoma, alhali ba ta taɓa taka ƙasar ba. A binciken da ta fitar a 1863 kan makarantun 'yan ƙasa a yankunan mallaka ta gano cewa yaran na mutuwa ninki biyu na sa'o'insu a Ingila, amma ta nemi a gyara makarantun ne, ba ta tuhumi mulkin da ya kafa su ba. Ana kuma tunawa da Mary Seacole, 'yar Jamaika da ta nemi shiga ayarin masu jinyar yaƙin aka ƙi ta, ta tafi Kirimiya da kuɗinta.

Abin da ya biyo baya

Ta shafe shekaru masu yawa a ɗakinta na titin South a Landan, tana aiki da wasiƙa. A 1907 ta zama mace ta farko da aka ba lambar girma ta Order of Merit. Ta rasu ranar 13 ga Agusta, 1910, tana da shekara 90. Danginta sun ƙi tayin binne ta a Westminster Abbey, aka kai ta maƙabartar cocin ƙauyen East Wellow. Ranar haihuwarta ce Ranar Ma'aikatan Jinya ta Duniya.

Ɗakin da ta ambata bai zama ruwan dare ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1947 wani binciken likitoci a Philadelphia ya nuna cewa kusan rabin mace-macen da ke faruwa cikin sa'o'i 24 na farko ana iya kauce musu. A 1970 Antonio Aldrete ya fito da ma'aunin maki goma na sallama daga ɗakin: motsi, numfashi, hawan jini, dawowar hankali da launin fata. Tun tsakiyar shekarun 1980 Amurka ke da jarrabawa ta musamman ga masu wannan jinya, kuma takardar na ƙarewa bayan shekara uku sai an sabunta. Fenwick ta samu jarrabawarta, gargaɗin Nightingale kan tsufan takarda kuma ya zama ƙa'ida.

Makarantarta ta taɓa Najeriya kai tsaye. Kofoworola Abeni Pratt ta kammala a St Thomas a 1950, ta zama 'yar Najeriya ta farko da ta shugabanci ma'aikatan jinya a asibitin koyarwa na Ibadan, daga baya ta zama babbar jami'ar jinya ta ƙasa. A 2018 mujallar The Lancet ta buga binciken majinyata sama da 11,000 a ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya: yiwuwar mutuwarsu bayan tiyata ta ninka matsakaicin duniya sau biyu, ko da yake sun fi ƙuruciya, kuma mafi yawan mutuwar ta auku ne a kwanakin da suka biyo bayan aikin. Masu binciken sun danganta hakan da ƙarancin ma'aikata da kayan sa ido. Fom ɗin da Nightingale ta tsara a 1863 tambayoyi uku yake yi wa kowane asibiti: mutum nawa aka yi wa aiki, nawa suka mutu, me ya kashe su.